NAZARI: Makin otal da goman ƙarshe a Makka: Me ya sa 'daren kyauta' ke ɓacewa ranar da aka fi bukatarsa?

Da zarar watan Sha'aban ya raba tsakiya, tallace-tallacen Umrar azumi kan cika shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na arewacin Nijeriya. Kamfanonin jirgin yawo kan baje hotunan otal-otal masu kallon Harami, kowa da farashinsa. Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, wannan farashi ya fi ƙarfin mutane da dama da a baya suke zuwa duk shekara, abin da ya sa wata tsohuwar dabara ta matafiyan Amurka da Turai ta fara jan hankalin masu nema wa kansu sauƙi: tara maki a manyan kamfanonin otal na duniya, sannan a musanya makin da kwana kyauta a Makka ko Madina.

Dabarar gaskiya ce, kuma akwai waɗanda suka ci moriyarta. Sai dai ranakun da Musulmin Nijeriya ya fi kwaɗayin kwana kusa da Ka'aba, wato goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin aikin Hajji, su ne ranakun da makin ya fi rasa ƙarfinsa. Ga ɗan kasuwar Dandin Mahe da ke ƙaramar hukumar Shagari, ko ma'aikacin da ya fito daga Bodinga yana aiki a Abuja ko Legas yana burin kai mahaifiyarsa Umra, sanin dalilin haka na iya zama bambanci tsakanin tanadi mai amfani da asarar shekaru.

Daga gyara zuwa maki

Abin da kamfanonin otal ke yi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Mai awon gero kan ƙara wa wanda ya saba saye a wurinsa gyara, mai nama ma haka. Manufar ɗaya ce: kada abokin ciniki ya koma rumfar wani. Bambancin shi ne gyara hannu da hannu ake ba da ita, mai saye ya gani da idonsa, ya tafi da ita gida. Maki kuwa gyara ce da aka ɗage zuwa wata rana, kuma mai sayarwa ne ya riƙe ikon faɗin yawanta da ranar karɓarta.

Kamfanonin jiragen sama ne suka fara tsarin a zamanance, inda American Airlines ya ƙaddamar da nasa a 1981. Holiday Inn da Marriott suka biyo baya a 1983, Hilton kuma a 1987. A shekarun farko, kamfanoni kan wallafa jerin ranakun da ba a karɓar maki a cikinsu ƙwata-ƙwata, irin su Kirsimeti da sabuwar shekara da lokutan manyan taruka. Waɗannan su ne ranakun toshewa. A 1999 kamfanin Starwood, mai Sheraton a wancan lokaci, ya shigo da alƙawarin da ya girgiza kasuwar: babu ranar toshewa, in dai akwai ɗaki na gama-gari da ake sayarwa, mai maki na iya ɗaukarsa. Sannu a hankali sauran kamfanoni suka yi irin wannan alƙawari, kowa da nasa sharuɗɗan.

Yau harkar ta zama babbar kasuwa mai zaman kanta. Shirin Marriott Bonvoy da na Hilton Honors kowannensu ya haura mambobi miliyan 200 a 2024. Makin da mambobi suka tara ba su kashe ba bashi ne a littafin kamfani, kuma na Marriott kaɗai ya haura dala biliyan 6 shekara da shekaru. Lokacin da annobar korona ta rufe otal-otal a 2020, Hilton ya sayar wa American Express maki na dala biliyan 1 don ya samu kuɗin gudanarwa, Marriott kuma ya karɓi dala miliyan 920 daga kamfanonin katin kuɗi da yake hulɗa da su. Wato maki wani nau'in kuɗi ne da kamfani ke bugawa da kansa, yana sayarwa, kuma shi ke yanke darajarsa.

Wa ke da ɗakin?

Abin da yawancin matafiya ba su lura da shi ba shi ne, sunan da ke saman gini ba lallai ne ya zama na mai ginin ba. Marriott da Hilton sun mallaki kaɗan ne ƙwarai daga cikin dubban otal-otal da ke ɗauke da sunansu. Sauran na wasu attajirai ne ko kamfanoni, su kuwa masu sunan suna karɓar lada ne na gudanarwa ko na aron suna. Transcorp Hilton da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1987, mallakar kamfanin Transcorp Hotels ne na Nijeriya. A Makka, rukunin otal-otal na Jabal Omar, inda ake da Conrad da Hilton Suites da Hyatt Regency da Marriott, na wani kamfanin gine-gine ne na Saudiyya mai wannan suna. Dogayen benayen Abraj Al Bait da ke ɗauke da agogon Makka kuwa suna ƙarƙashin waƙafin Sarki Abdul'aziz.

A nan ne rikicin muradu yake. Kamfanin da ya yi alƙawarin daren kyauta daban, wanda zai ba da ɗakin daban. Idan mamba ya kwana da maki, asusun shirin ne ke biyan mai otal. A tsarin da aka saba, idan otal bai cika ba, kuɗin da ake biya kaɗan ne, bai wuce na wanki da shara da wuta da ɗan abin da ya hau ba. Idan otal ya kusa cika maƙil, sai a biya shi kusan matsakaicin farashin ɗaki na wannan dare.

A daren da babu baƙi, mai otal na murna da mai maki, domin ɗakin da ya kwana babu kowa ba a sayar da shi gobe a madadin jiya. A daren cunkoso kuwa lissafi ya sauya. Ɗakunan ƙarshe da suka rage su ne mafi tsada, farashinsu ya ɗara matsakaici nesa ba kusa ba, kuma ga masu kuɗi a hannu suna layi. Duk ɗakin da aka bai wa mai maki a irin wannan dare, riba ce mai otal ya yafe. Ba abin mamaki ba ne idan ya nemi kowace ƙofa da ƙa'ida ta bar masa a buɗe.

Ƙofofin da ƙa'ida ta bari

Ƙofa ta farko ita ce ma'anar ɗakin gama-gari. Hilton na tallata cewa ba shi da ranakun toshewa, amma alƙawarin ya tsaya ne kan wannan rukunin ɗaki kaɗai. Duk ɗakin da aka ce yana da wani fifiko, ko na hawa na sama, ko mai faɗi, ko mai kyan kallo, ya shiga wani rukuni da makinsa ke bin farashin kuɗi, kuma yakan ninka na gama-gari sau da yawa. A Makka, inda ake sayar da ɗaki gwargwadon abin da tagarsa ke kallo, ko Ka'aba, ko harabar Harami, ko gari, rarraba ɗakuna zuwa rukunai masu yawa abu ne mai sauƙi. Otal mai ɗaruruwan ɗakuna na iya kasancewa da 'yan ƙalilan da suka amsa sunan gama-gari.

Ƙofa ta biyu ita ce taƙaita adadi. Marriott ya sayi Starwood a 2016, ya haɗe shirye-shiryensu ƙarƙashin sunan Bonvoy a 2019. Tsohon alƙawarin Starwood bai tsira yadda yake ba. Ƙa'idar Marriott ta koma cewa ranakun toshewa taƙaitattu ne, inda aka yarje wa otal ya rage yawan ɗakunan da za a iya ɗauka da maki a wasu ranaku na shekara. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane ranakun da otal na Makka zai zaɓa.

Ƙofa ta uku ita ce sharaɗin yawan kwanaki da sayar da ɗaki a dunƙule. Hyatt ya ce mai maki na da haƙƙin ɗakin gama-gari muddin ana sayar da shi a kan farashin otal na yau da kullum. Amma otal-otal da yawa na kusa da Harami ba sa sayar da goman ƙarshe dare-dare. Dunƙule darare goman suke yi wuri ɗaya, sau da yawa haɗe da buɗa-baki da sahur, a biya tun kafin zuwa. Idan babu ɗakin da ake sayarwa shi kaɗai a farashin yau da kullum, to babu abin da alƙawarin zai kama.

Ƙofa ta huɗu, wadda ta fi duka girma, ita ce farashin maki da ke hawa da sauka. A da kowane kamfani na da jadawali: otal kaza, maki kaza a dare, ko rani ko damina. Hilton ya janye jadawalinsa a 2017. IHG, mai InterContinental Dar Al Tawhid da ke bakin Harami, ya koma farashi mai motsi a 2020. Marriott ya fara bambanta lokacin cunkoso da na sauƙi a 2019, sannan ya soke jadawalin gaba ɗaya a watan Maris na 2022. Hyatt ya ci gaba da wallafa nasa, amma shi ma ya shigo da farashin lokacin cunkoso a wannan shekarar. Da wannan sauyi, kamfani ba ya bukatar ya ce wa kowa an toshe rana. Ya isa ya ɗaga makin da ake bukata har ya fi ƙarfin asusun yawancin mambobi.

Accor na Faransa, wanda ke gudanar da Fairmont da Raffles da Swissôtel da Pullman Zamzam da Mövenpick a benayen agogo, ya bi wata hanya ta daban. A wurinsa maki 2,000 daidai yake da yuro 40, kuma ana cire shi ne daga kuɗin ɗaki. Wannan ya fi fitowa fili, amma yana nufin duk tashin farashin Ramadan a kan mai maki zai sauka. Mamba na matakin farko na samun maki 25 a kan kowane yuro 10 da ya kashe a yawancin otal-otal na kamfanin. Sai ya kashe yuro 800, fiye da Naira miliyan 1 a canjin 2025, kafin ya samu rangwamen yuro 40. Idan aka ɗauka, a matsayin misali, ɗaki ya kai yuro 800 a dare guda na goman ƙarshe, mutum na bukatar maki 40,000, wato sai ya riga ya kashe yuro 16,000 a otal-otal na kamfanin.

Makka ba kamar ko'ina ba

Duk garin yawon buɗe ido na da lokacin cunkoso, amma na Makka ya sha bamban. Mai zuwa hutu bakin teku na iya ɗage tafiyarsa da mako biyu ko ya sauya gari. Mai neman dacewa da daren Lailatul Ƙadri a Harami ba shi da wannan zaɓi. Wurin ɗaya ne, dararen ƙididdigaggu ne, kuma kowane taku da ya rage tsakanin ɗaki da ƙofar masallaci kuɗi ne, musamman ga tsofaffi da marasa ƙarfin ƙafa.

Hukumomin Saudiyya sun ce a Ramadan na 2025 an ƙirga shigar masu ibada fiye da miliyan 122 a Masallatan Harami biyu, ciki har da Umra fiye da miliyan 16. A Hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, a na 2025 kuma sun kusa miliyan 1.7. Ƙasar ta kuma sa wa kanta burin karɓar masu Umra miliyan 30 daga ƙetare a kowace shekara nan da 2030. Ana ta gina sabbin otal-otal, amma filin da ke zagaye da Harami ba ya ƙaruwa.

Saboda haka manyan dillalai kan saye ɗakunan waɗannan ranaku da yawa tun watanni kafin lokaci, su sayar wa kamfanonin jirgin yawo na Indunusiya da Pakistan da Turkiyya da Nijeriya, su kuma su sayar wa maniyyata. Ɗakin da ya shiga hannun dillali ya fita daga lissafin abin da otal ke da shi, don haka mai maki ba zai gan shi a manhajarsa ba ko da kuwa babu wanda ya kwana a cikinsa tukuna.

A lokacin Hajji kuwa, toshewar ta hukuma ce. A 2025, tun daga 29 ga Afrilu, wanda ya zo daidai da 1 ga Zulƙida, aka hana otal-otal na Makka saukar da duk wanda ba shi da izinin Hajji ko takardar aiki ko ta zama a garin. Komai yawan makin mutum, ba ya maye gurbin wannan izini.

Shingayen da ke gaban ɗan Dandin Mahe

Ƙasar Bodinga da Shagari ba baƙuwar tafiyar ibada ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna wasu shekaru bayan jihadi, ƙaninsa Abdullahi kuma a Bodinga. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, inda alhazan jihar Sakkwato ke tashi, yana kan hanyar da ta fito daga birni ta nufi wannan yanki. Amma tsakanin mutumin wannan ƙasa da daren kyauta a Makka akwai shingaye uku da matafiyin Landan ko Dubai bai san da su ba.

Na farko shi ne wurin tara makin. Babu otal na Marriott ko Hilton ko Hyatt ko IHG ko Accor a jihar Sakkwato. Waɗanda ke Nijeriya sun taru ne galibi a Legas da Abuja da wasu biranen kudu. Ɗan kasuwar da ke kai albasa ko dabbobi kudu ba a irin waɗannan wurare yake sauka ba. A Amurka, kaso mai yawa na maki ta katin bashi na banki ake samunsa, inda kowane cefane ke ƙara wa mutum lissafi. Irin waɗannan katuna na kamfanonin otal ba a bayar da su a bankunan Nijeriya. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, wanda ya biya miliyoyi ya sauka a babban otal a Makka ta hannun kamfanin jirgin yawo yawanci ba ya samun maki ko ɗaya, domin ƙa'idojin shirye-shiryen sun cire ɗakunan da aka saya ta hannun dillali ko a farashin ayari.

Na biyu shi ne biyan kuɗi. Ko da maki za a biya ɗaki, otal kan nemi katin da ke aiki a ƙasashen waje a matsayin jingina. Yawancin bankunan Nijeriya sun dakatar da amfani da katin Naira a ƙetare a 2022 saboda ƙarancin dala, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi, shi ma da iyaka.

Na uku shi ne biza. Mai fasfon Nijeriya ba ya cikin waɗanda ke samun bizar yawon buɗe ido ta Saudiyya kai tsaye ta intanet, sai in yana da bizar Amurka ko Birtaniya ko ta ƙasashen Turai na Shengen da ya riga ya yi amfani da ita, ko izinin zama na dindindin a can. Sauran jama'a sai ta hannun ejan. Kuma daga watan Yunin 2025, Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya ta sharɗanta cewa ba za a ba da bizar Umra ba sai an shigar da yarjejeniyar masauki a otal mai lasisi ta manhajar Nusuk Masar. Wanda ya kama ɗaki da makinsa dole ne ya tabbatar tun da wuri cewa otal ɗin da ejan ɗinsa za su iya shigar da wannan ɗaki cikin tsarin. In ba haka ba, yana iya tsintar kansa da ɗaki babu biza, ko ya biya kuɗin masauki na biyu.

A kan waɗannan kuma akwai wa'adi. Makin Marriott da na Hilton kan mutu idan asusu ya yi wata 24 babu motsi, na Accor kuwa shekara guda. Wanda ke tafiya sau ɗaya a shekara uku na iya tarar da rumbunsa wayam.

Wanda bai taɓa jin labarin maki ba

Mafi yawan maniyyatan Dandin Mahe da Kajiji da Lambara da Danchadi ba za su taɓa buɗe asusun maki ba. Ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha suke tafiya, cikin kujerun da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ke rabawa. Amma matsalar da ke damun mai maki ita ce ke damunsu ta wata fuska: mutum ya yi shekaru yana tari da ma'auni ɗaya, ranar biya a auna masa da wani.

Kuɗin kujera ya kasance kusan Naira miliyan 2.9 a 2023. A watan Yunin wannan shekara gwamnati ta saki Naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa, dala ta tashi daga kusan Naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara. A watan Maris na 2024, maniyyatan da suka riga suka kammala biya aka ce su ƙaro kusan Naira miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, duk da tallafin Naira biliyan 90 da gwamnatin tarayya ta bayar a wannan shekara. A 2025 kujerar yawancin jihohin arewa ta haura Naira miliyan 8.4, daidai da albashin shekara 10 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Nijeriya ta samu kujeru 95,000 a waɗannan shekaru, amma a 2024 da 2025 ba ta iya cike su ba.

Masauki na cikin manyan abubuwan da ke cikin wannan kuɗi, kuma a kasuwa ɗaya ake cinikinsa da ɗakunan da mai maki ke nema. Jihar da ta makara wajen tura kuɗi takan tarar an kwashe gidajen kusa, sai ta ɗauki na nesa ko ta biya da tsada. Adashin gata na aikin Hajji da NAHCON ta ƙaddamar da bankin Jaiz a Kano a 2020 an yi shi ne don maniyyaci ya tara sannu a hankali, hukuma kuma ta samu kuɗi a hannu da wuri, irin yadda asusun Tabung Haji na Malesiya ke yi tun 1963. Sai dai adashin Naira ake zubawa, masauki kuwa da riyal ake biya. Matuƙar ribar da asusun ke samarwa ba ta kamo faɗuwar Naira ba, mai adashi da mai maki jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wa zai bi kadi?

Mamba da ya ji an zalunce shi ba shi da tudun dafawa mai ƙarfi. Ƙa'idojin da ya amince da su ranar rajista sun bai wa kamfani ikon sauya farashin maki da sharuɗɗa a duk lokacin da ya ga dama, kuma galibinsu sun bayyana cewa maki ba dukiyar mamba ba ne. Ko a Amurka, inda harkar ta fi girma, sai a watan Satumban 2024 ma'aikatar sufuri ta buɗe bincike kan yadda manyan kamfanonin jiragen sama huɗu ke rage darajar makin fasinjojinsu.

A Nijeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta tallan yaudara, ta kuma bai wa mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Hukumar ta nuna tana iya taɓa kamfanin ƙetare lokacin da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a 2024. Amma ɗakin da ke Makka, ƙarƙashin shirin da hedikwatarsa ke Amurka ko Faransa, ya yi mata nisa. Inda hannun hukumomin gida ke kaiwa shi ne kan masu talla a nan cikin ƙasa. NAHCON ce ke bai wa kamfanonin jirgin yawo lasisi, kuma tana da ikon tilasta musu rubuta wa maniyyaci sunan otal, da rukunin ɗaki, da nisansa daga Harami, da abin da zai faru idan aka sauya masa masauki.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kusa. Sayar da maki ga wani da kuɗi ya saɓa wa ƙa'idojin shirye-shiryen, kuma kamfani na iya rufe asusun ya soke ɗakin ba tare da gargaɗi ba. Duk wanda aka yi wa tayin ɗaki mai arha a goman ƙarshe da sunan wai da makin wani aka kama shi, yana iya isa teburin karɓar baƙi da tsakar dare a ce masa babu sunansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Inda makin ke da amfani

Wannan ba ya nufin maki ba shi da rana. Yana da ita, amma a lokacin da kasuwa ta lafa. Bayan an buɗe Umra a ƙarshen aikin Hajji, da watannin Muharram da Safar, farashin Makka da Madina kan sauko, ɗakunan gama-gari su bayyana. A irin wannan lokaci, rangwamen da Marriott ke yi na biyan makin dare huɗu a kwana biyar, wanda Hilton ma ke yi wa mambobinsa masu matsayi, na iya rage wa iyali nauyi na gaske. Hilton kuma ya yarda mamba ya haɗa makinsa da na wasu mutum 10 ba tare da biyan komai ba, abin da 'yan'uwa da ke aiki a garuruwa daban-daban za su iya amfani da shi don ɗaukar nauyin iyaye.

Manomin da ya san kasuwar hatsi ya san cewa farashin kaka daban, na tsakiyar damina daban, kuma wanda ya ajiye gero a rumbunsa ya fi wanda ya ajiye takardar bashi a hannun ɗan kasuwa kwanciyar hankali. Maki takardar bashi ce da mai bayarwa ke iya rage adadin da ke jikinta. Wanda ya same shi a kan tafiyar da dama zai yi, ya kashe shi da wuri a lokacin da yake da daraja. Wanda kuwa ke shirin sayen maki da kuɗinsa, ko ya zaɓi otal mai tsada don kawai ya tara, da niyyar goman ƙarshe na wata shekara mai zuwa, ya fara duba manhajar kamfanin ya ga ko a bana akwai ɗaki ko ɗaya da ake bayarwa a waɗannan darare, da kuma makin da ake nema a kansa.